Cape Coast ko Kwatano: ina yara za su ci su ƙoshi?

Hajiya, kin ce ku da maigida da yara huɗu za ku hutu bakin teku, kuna tsakanin Cape Coast ta Ghana da Kwatano ta Binin, kuma abin da ya fi damun ki shi ne abinci. Ni dai Ghana zan zaɓa miki, saboda yaran.

Da safe a Ghana kamar ba ku bar gida ba. Koko da ƙosai ake sayarwa a bakin titi, su kansu mutanen ƙasar "Hausa koko" suke ce masa, sai dai nasu ya fi namu citta da yaji. Ga waakye kuma, shinkafa da wake ce da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, sunan ma daga kalmarmu ta wake ya fito. Ana haɗa ta da taliya, garin rogo, dafaffen ƙwai da shito. Ki yi hattara da shiton nan: baƙin yaji ne da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande, idan akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar jatan lande kada ya taɓa.

Kifi kuwa shi ne dalilin tafiyar. Elmina na kusa da Cape Coast, garin masunta ne tun kafin Turawan Fotugal su gina ganuwarsu a 1482, kuma har yau da sassafe kwale-kwale ke sauke kifi a gindin ginin. A bisa al'ada masuntan ba sa shiga teku ranar Talata, don haka kada ki sa ran sabon kamu a ranar. Abokin cin kifin shi ne dokunu, ƙullun masara mai tsami da Fante, mutanen yankin, ke naɗewa a ganyen ayaba su dafa. Tsaminsa kan sa yara su yatsine fuska a karon farko. Ki fara musu da banku, tuwon ƙullun masara da rogo wanda ya fi dokunu laushi, da gasasshen ƙarfasa, da dare kuma a saya musu kelewele, soyayyar ayaba mai citta da barkono. Wannan ban taɓa ganin yaron da ya ture shi ba.

Kwatano ma tana da nata. Burodin Faransa mai tsawo da shayi da safe, ga amiwo, tuwon masara da aka tuƙa da tumatir ana ci da soyayyar kaza, ga akassa wadda ba ta da maraba da agidi. Atassi ita ce shinkafa da wakensu. Abu biyu ne suka fi Ghana da su a bakina: wagashi, cukun Fulani da ake soyawa a sa a miya, da abarbarsu mai farin ciki da zaƙi kamar an zuba sukari. Matsalar ita ce miyar kuɓewarsu da ta lalo sau da yawa da ƙaguwa a ciki, da ƙafafunta da komai. A mazhabarmu ta Malikiyya halal ce, amma kin san yaranmu, suna hango ta za su ajiye cokali. Sannan in ba mai jin Faransanci a cikinku, tambayar abin da aka sa a tukunya aiki ne.

Maganar nama ɗaya ce a duka biyun: ana sayar da alade a fili, don haka a wajen gari ku tsaya kan kifi. In kwaɗayin tsire ya taso, ku nemi unguwar Zango. Kwatano na da ita, a Accra kuma Nima ce, inda za ki yi ciniki da Hausa ki samu har tuwo da miyar ayoyo, wato lalo, kafin ku kama hanyar Cape Coast.