Tangaran a kan titaniyam: aikin leza a Jidda da sakacinmu na gida

Abokan sana'a masu haɗa haƙori a Kano da Kaduna, ina gaisuwa daga Jidda.

An kawo ɗakin aikinmu wata gada, wato haƙoran haɗi uku manne da juna, da aka cire daga bakin wata hajiya, aikin gida Najeriya. Tangaran ɗin, wato farin da ake lulluɓe ƙarfen haƙori da shi, ya ɓare daga jikin ƙarfen titaniyam kamar ɓawon dafaffen ƙwai, cikinsa baƙi ƙirin. Abokan aiki suka yi ta miƙa wa juna suna tambayar ƙasar da aka yi ta. Mu da muka san Saudiyya da haƙorin Makka, ga irin abin da muke kawo musu.

Baƙin nan shi ne cutar. Titaniyam in zafinsa ya wuce digiri 800 na Celsius yakan sha iskar oksijin ya yi tsatsa mai kauri, mai gautsi. Tangaran ya kama tsatsar, ita kuma ta saki ƙarfen. A digiri 882 ma tsarin ƙarfen kansa sauyawa yake yi. Don haka tangaran na ƙarfen nikel-kurom, mai son sama da digiri 900, ba ya yi a kan titaniyam. Titaniyam yana da nasa, wanda ake gasawa ƙasa da 800, kuma ba a yi masa gashin farko na fitar da tsatsa da muka saba yi wa sauran ƙarafa.

A nan Jidda galibi inji ne ke sassaƙa ƙarfen daga dunƙule, don na zubi yakan fito da fata mai tauri da sai an kankare. Sai a sa shi ƙarƙashin leza mai tsawon zango nanomita 1064, ana hura masa iskar agon don kada ya yi tsatsa. Hasken yana bi layi-layi yana tona ƙananan ramuka a jere, inda tangaran zai shiga ya riƙe. Abin sha'awa, babu ƙwayar yashi ko ɗaya da ke nutsewa cikin ƙarfen kamar yadda akan samu a feshin yashi. Amma in aka cika wa lezar ƙarfi, saman ya narke ya tsattsage, ya koma shuɗi ko toka-toka. Wanda ya ga launin nan, ya sake aiki kawai. Daga nan a wanke da tururi, a shafa bonda, wato abin da ke haɗa tangaran da ƙarfe, siriri, sannan tanda.

Kada wani ya ce ai ba mu da leza. Feshin yashin alumina mai girman ƙwaya maikuron 110 zuwa 250, a matsin iska na ma'aunin bar 2 zuwa 3, yana iya kai ƙarfin riƙo na megafaskal 25 da ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 9693 ta nema tsakanin tangaran da ƙarfe. Mu ne muke ɓata shi. Yashin da aka fesa wa nikel jiya shi ake sake juyawa yau. Bakin injin gurza ɗaya ne na kowane ƙarfe. A gama feshi, yaron shago ya ɗauka da yatsu ya kai wa maigida ya gani! A nan hantsaki kawai ke taɓa shi, kuma akan bar shi kamar minti goma bayan feshi kafin a wanke.

Ina kewar hirar shago da shayin la'asar, nan kowa fuskarsa a kwamfuta. Sai dai wutar lantarkin Jidda ba ta ɗaukewa a tsakiyar gashi. Wanda tandarsa ke kan janareta ya sa mata sitabilaiza, ya riƙa gwada ta da wayar azurfa, wadda ke narkewa a digiri 961. In ta narke allon na nuna 930, to tandar tana ɗara abin da take nunawa da kusan digiri 30, kuma da wannan take ƙona muku titaniyam.