Takalmin flamenco mai ƙusoshi: wanne ya ci kuɗinsa?

Masu shirin hawa dandamalin flamenco sukan fara zuba kuɗi a riga mai ɗigo-ɗigo da tattara, su bar takalmi sai ƙarshe. Wannan kuskure ne. A wannan rawa ta Andalusiya da ke kudancin Sifaniya, ƙafa ita ce ganga, kuma bugun da ake kira zapateado daga takalmi yake fitowa.

Kamfanoni irin su Gallardo na Madrid da Menkes na Barcelona sun daɗe a wannan sana'a. A kasuwa akwai na 'yan koyo, akwai na tsaka-tsaki, akwai na ƙwararru. Na ƙwararrun ne kaɗai ya dace da mai atisaye kullum.

Fata ce zalla ciki da waje, dunduniyar ta katako, tafin kuma an ɗinke shi, ba gam kaɗai ke riƙe da shi ba. Ƙusoshin su ne kan gaba. Ana buga su ɗaya bayan ɗaya a bakin takalmin da ƙasan dunduniya, a jere dab da dab, sannan a goge kawunansu su yi sumul. Kafin a biya, a shafa yatsa a kai. Idan ana jin kaushi, zai karce katakon dandamali, ya kuma kamo bakin siket. A ɗauki ƙafa biyun a ƙwanƙwasa a kan katako, ya kamata ƙarar ta fito tar, kuma iri ɗaya. Mai araha ƙusoshinsa kaɗan ne, ƙararsa a dushe take, sai mai rawa ta riƙa ƙara ƙarfi don a ji ta, a ƙarshe gwiwa ce ke shan wahala.

Dunduniya mai tsawon santimita 5 ta isa ga wadda ba ta goge ba. Daga 6 zuwa 7 ta fi kyan gani, amma tana tura nauyi kan yatsu. Samfurin dunduniya da ake kira cubano mai faɗi ne, ya fi zama daram, shi kuwa carrete yana da tsukakken ƙugu. Maɗauri mai ƙarfe ko igiya ya fi na roba, don roba tana sakewa da daɗewa.

A sayi wanda ya kama ƙafa cif. Fata tana buɗewa, musamman mai laushin nan da ake kira ante, kuma da zarar diddige ya fara zamewa a ciki, sai bororo da bugu marar tsabta.

Aibin takalmin ƙwararru na farko tsada, ga jira na makonni idan aka yi odar launi ko faɗi na musamman. Sabo yana da tauri, saboda haka kada a fara sa shi ranar wasa. Ba a yawo da shi a titi, siminti yana cinye ƙusoshin, a kan tayil kuma santsi yake yi. Idan ƙusa ta ɗago, a mayar da ita da ƙaramar guduma tun kafin ta yaga wani abu.

Baƙi ya fi shiga da kowace riga. Sai an sa takalmin sannan tela zai auna tsawon siket, musamman bata de cola mai doguwar jela, domin bambancin santimita 2 ya isa ya sa a taka bakinta ana tsakiyar juyi.