Gwajin bakin mahaifa a wani asibitin kuɗi nan Sakkwato, ra'ayina ga masu amosanin gaɓɓai

Salamu alaikum 'yan uwa mata. Wagga magana kan gwajin sankarar bakin mahaifa ta, wanda anka yi min a wani ƙaramin asibitin kuɗi can wajen Mabera, kuma tun hwarko in hwaɗa muku na yaba da aikinsu sosai, amma akwai gyara. Ni mai amosanin gaɓɓai ce, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa tana cin gaɓɓan mutum, ba sanyin ƙashi na tsuhwa ba. Ina shan methotrexate sau guda a sati da folic acid, in ciwo ya taso a ƙara min prednisolone. Masu irin lalurata nika so su karanta wannan.

Abin da yas sa nig gamsu da wurin shi na nas ɗin da tat tarbe ni. Tana buɗe kati tag ga yatsuna a kumbure, sai tac ce "Hajiya wane magani kika sha?" Da niz zayyano mata tac ce to ai ke ya kamata ki riga kowa zuwa, ta aje biro ta zauna tai min bayani tiryan-tiryan ba gaggawa ba tsawa. Ƙwayar cutar HPV ita ka haddasa kusan duk sankarar bakin mahaifa, iri biyu daga cikinta, 16 da 18, su kaɗai ke da wajen kashi 70 cikin 100. Ta hanyar saduwa aka ɗaukarta kuma tana da yawa ƙwarai, mace na iya samu daga mijinta na sunna shi ma bai san yana da ita ba, don Allah a bar kallon abin kamar shaidar lalata. Mahi yawan mata jikinsu ke kashe ta da kanshi cikin shekara 1 zuwa 2. To mu fa? Maganin da ke kwantar muna da ciwon gaɓɓai danne garkuwa yaka yi, ita kuma garkuwar ita ka korar ƙwayar, shi yas sa tana iya daɗewa jikinmu, kuma daɗewar ita ce matsalar. Ga mai lahiyar garkuwa sai an yi shekara 15 zuwa 20 kahin ta zama sankara, ga wadda garkuwarta ta yi rauni sosai, kamar mai ƙanjamau da ba ta shan magani, 5 zuwa 10 ma ya isa. Namu haɗarin bai kai can ba, masu lupus (wata cuta da ita ma garkuwa ke juyowa kan jiki) ma sun hi mu, amma dai ba mu daidai da sauran mata. Kuma ta gargaɗe ni da babbar murya kada in kuskura in aje magani don tsoro, gwaji za a yawaita, ba magani za a bari ba.

Wallahi abin ya taɓa ni, don inda nika karɓar maganin gaɓɓai ana auna min jini da hanta a kai a kai amma ba wanda ya taɓa min zancen mahaifa.

Gwajin kanshi ba wani daɗewa. Mata zalla a ɗakin, ƙohwa a ruhe, an ba ni zane na lulluɓa. Da nas ɗin tag ga ƙuguna da gwiwoyina sun ƙi buɗuwa ba ta tilasta ni ba, ta naɗe tawul ta tura min ƙarƙashin ƙugu, tac ce in motsa a hankali, sannan ta sa ɗan ƙarhen nan mai kama da bakin agwagwa, ta shahwa ruwan kal da auduga ta jira minti guda tana haskawa da hitila. In akwai wurin da ya hwara lalacewa hwari yaka yi. Ɗan zahi-zahi na ji kawai, nan take tac ce ba komi, alhamdulillahi. In da an ga wani abu ƙarami ana iya ƙone shi da na'ura tun bai zama sankara ba, babba kuma a tura mutum babban asibiti. Kuɗin bai kai abin da nika kashewa ga magani a wata ba.

Sai gyara. Gadon nan ya yi tsawo kuma ba matakala, sai da anka kama ni anka ɗora, mai ciwon gwiwa ta taho da 'yar rakiya. Benci na jira katako ne ba majingina, ga zahin Sakkwato ga hwanka guda, ni da na zo bisa kabu-kabu da sahe jiki duk a sage na sha wuya, da na sani sai hantsi in gaɓɓai sun saki. Abin da ya hi damuna, ba su da gwajin HPV ɗin kanshi, wanda Hukumar Lahiya ta Duniya ta sa gaba tun 2021, wanda mace ke iya ɗaukar samhur da kanta ba sai an wahalar da ƙugu ba. Na ruwan kal kuma ba ya nuna da kyau ga wadda al'ada ta ɗauke ma, su innarmu Pap smear (a lakato samhur daga bakin mahaifa a duba a ɗakin gwaji) ko na HPV ya hi dacewa da su.

Nas ɗin ta kuma tambaye ni ko ina da ɗiya mata. Rigakahin HPV ya shigo Najeriya a Oktoba 2023, kyauta ga 'yan shekara 9 zuwa 14, allura guda, a asibitocin gwamnati. Ba ƙwaya mai rai ke cikinta ba, don haka yarinyar da ke shan irin maganinmu ma ana iya yi mata, sai dai ita allura guda ba ta isar ta, a gaya ma likita. Mata wajen 8,000 sankarar bakin mahaifa ta kashe a ƙasar nan a 2020, ni dai tawa ɗiya an yi mata.

Mai shirin zuwa ta bari sai ta yi wankan tsarki, ta taho da kwalayen magungunanta duka a nuna. Amma in kina ganin jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari, kada ki jira ranar gwaji, likitan mata za ki gani kai tsaye.