Lissafin karo a wasan hoki na tebur: da hannu ko da Box2D?

Ƙanena, rubuta abinka da hannu. Ka tambaya ko ka zauna ka tsara lissafin karon da kanka a yaren kwamfuta na Python da Pygame (kayan haɗa wasa na Python), ko ka ɗauko Box2D (shiryayyen injin lissafin motsi da karo) ya yi maka; wasan hoki na tebur bai kai a kira babban inji ba. Abu uku ne kaɗai ke motsi a filin, faifai ɗaya da madoki biyu na buga shi, dukkansu da'ira, sai bango huɗu da ba sa gusawa.

Wasan da na rubuta yana nan cikin wata tsohuwar kwamfuta da batirinta ya daɗe da mutuwa, sai an jona ta da wuta take tashi. Ɗan yayata da abokansa sun mallake shi. In la'asar ta yi a fadarmu nan Tahoua, ana dafa shayi su kuwa suna layi, wanda aka ci ya tashi. Wata rana yaron ya ce faifan ya cika nauyi, sai na buɗe fayil ɗin a gabansa muka canza lambar da ke rage gudu daga 0.99 zuwa 0.997. Da ya ga faifan ya soma sulɓi, bai bar ni na sha shayina ba, sai tambayar me sauran layukan ke yi. Yau shi ke gyara wa kansa.

Bango shi ne mai sauƙi. In faifai ya shiga bangon dama, fara mayar da shi cikin fili tukuna, sannan ka juya gudunsa ya nufi hagu. Masu farawa kan manta da mayarwar, sai faifan ya maƙale jikin bango yana karkarwa, don a kowane hoto da allo ya sabunta ana sake juya shi.

Karon faifai da madoki nan ne aikin yake. Auna nisan da ke tsakanin cibiyoyinsu. In ya gaza rabin faɗin wannan haɗe da rabin faɗin wancan, sun haɗu. Layin da ya tashi daga cibiyar madoki zuwa ta faifai shi ne hanyar turawa, ka mayar da tsawonsa 1, ka kira shi n. Cire gudun madoki daga gudun faifai, ka duba nawa ne daga wannan bambancin ya bi layin n, ka kira shi d. In d ya haura sifili, rabuwa suke yi, kada ka taɓa su. In ya gaza sifili, sabon gudun faifai shi ne tsohon gudun a cire (1 + e) sau d sau n. Wannan e ɗin shi ne ƙarfin dawowa, 0.9 ya yi. Madoki a hannun ɗan wasa yake, ba ya ja da baya, don haka ba ruwanka da nauyinsa. Amma gudunsa sai ka lissafa, inda yake yanzu a cire inda yake a hoton baya, a raba da lokaci. In ka bar wannan, duk ƙarfin da mutum ya sa ya buga, faifan zai tafi kamar bango ya taɓa. Kuma kada ka manta ka ture faifan ya fita daga cikin madokin, kamar yadda ka yi a bango.

Sai matsalar da za ta same ka ko ba jima ko ba daɗe. Allo na nuna hoto 60 a sakan. Faifan da ke gudun piksel 3000 a sakan yana tsallake piksel 50 a hoto ɗaya, ya ratsa gefen madoki ba a gane sun haɗu ba. Raba kowane hoto gida huɗu ka yi lissafin sau huɗu, ka kuma sa wa gudu iyaka. Bakin raga ka ɗora ƙananan da'ira biyu marasa motsi, lissafin madoki zai yi musu aiki. In aka matse faifai tsakanin madoki da bango, bango za ka gyara a ƙarshe.

Box2D kuwa, ba a raina shi: Erin Catto ya sake shi a 2007, kuma da shi aka gina Angry Birds. In akwatuna za su tari juna suna juyawa, shi ne. A nan hayar tirela ce don kai buhun albasa ɗaya kasuwa. Da mita yake awo, ya fi jin daɗin abubuwa masu girman 0.1 zuwa 10, kuma in ka ba shi piksel kai tsaye faifan zai riƙa jan ciki, don sigarsa ta 2 ta ƙayyade tafiyar mataki ɗaya na lissafi a mita 2. Karon da bai kai mita 1 a sakan ba ma ba ya dawo da shi, faifai ya lafe a bango kana neman dalili.

Ba ka tambaya ba, amma yi hattara da masu tallar "cikakken kod na wasa" a WhatsApp, jaka goma ko sha biyar, a tura kuɗi kafin a ga kaya. Abin da za su aiko maka, in ma sun aiko, daga GitHub, shafin da ake ajiye kod, suka kwaso shi. Python, Pygame, Box2D da Godot (wani injin haɗa wasa) duk kyauta ne, kada wani ya saida maka su a kile na USB. Haka mai saida kwamfutar hannu ta gwanjo da zai ce maka sai mai katin hoto na musamman. Wadda kake da ita ta isa wannan wasan. In dole sai ka saya, cire cajar a gabansa ka ga minti nawa batirin zai riƙe kafin ka miƙa ko dala.