Bahon haihuwa a Ingila da abin da ya kamata matan Zangon Kumasi su sani

Zuwa ga iyayena mata, da yayyena da ƙannena na Aboabo, Asawase da Sabon Zango, bayan gaisuwa da fatan alheri. Da yawa daga cikinku sun aiko mini da tambaya game da haihuwa a cikin ruwa, wadda suke gani a waya ana yi a ƙasashen Turai, har wasu sun nemi in saya musu bahon roba in sa a cikin kayan da muke aikowa gida ta jirgin ruwa. Tun da na haihu a Kumasi, na kuma haihu a nan Ingila inda na yi naƙuda a cikin irin wannan baho, na ga ya dace in rubuta muku bayani guda cikakke, domin magana ce da ta shafi rayuka biyu, kuma hoton da ake gani a waya ba ya nuna ko rabin abin da ke kewaye da bahon.

Bahon asibiti babban kwami ne mai zurfi da aka girka a ɗakin haihuwa, yana da famfon ruwan zafi da na sanyi, da matakala, da wurin riƙewa a gefe. Ana cika shi har ruwan ya kai ƙirjin mace idan ta zauna. Na gida kuwa na roba ne da ake hurawa, ana shimfiɗa masa sabuwar leda a ciki wadda ake jefarwa bayan amfani ɗaya, kuma yana cin ruwa tsakanin lita 500 da 650 gwargwadon girmansa. Wani likitan Faransa mai suna Michel Odent ne ya shahara da shigar da baho ɗakin haihuwa, a asibitin garin Pithiviers cikin shekarun 1970, kuma ya wallafa abin da ya gani a mujallar likitoci ta Lancet a 1983. A Ingila, wani kwamitin majalisar dokoki ya ba da shawara a 1992 cewa asibitoci su tanadi baho inda hali ya yi, kuma a yau da wuya ka shiga sashen haihuwa na gwamnati ka rasa aƙalla ɗaki ɗaya mai shi.

Amfanin ruwan ɗumi ga mai naƙuda gaskiya ne, ba na kuma so wata ta ɗauka ƙyale-ƙyalen Turawa ne kawai. Idan mace ta shiga, nauyin cikin yana sauka daga bayanta da ƙugunta, jijiyoyin da ciwo ya ɗaure su saki, ta iya juyawa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da an ɗaga ta ba. Ciwon ba ya tafiya, amma yana zuwa da sauƙin da za a iya jurewa, kuma binciken likitoci ya nuna cewa matan da suka yi naƙuda a ruwa ba su cika neman allurar baya mai kashe ciwo ba kamar sauran. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yawancin mata suke komawa durƙuso da kansu a cikin bahon, su dafa gefensa su sunkuyar da kai, wato dai yadda kakanninmu suka haifi iyayenmu tun kafin gadon asibiti ya zo ya kwantar da mu rigingine. Har yau idan mace tana naƙuda cewa muke yi tana kan gwiwa, amma a yawancin ɗakunan haihuwa na gida, da zarar lokaci ya yi, sai a ce ki hau gado ki ɗaga ƙafafu.

Sai dai ba kowace mace ake bari ta shiga ba, kuma tantancewar tana farawa tun daga awo. Sai cikin da ya cika mako 37, jariri ɗaya ne, ya juyo da kai, uwar kuma ba ta da hawan jini, ko zazzaɓi, ko zubar jini, ko wata lalurar da za ta sa a riƙa sauraron zuciyar jaririn ba tsayawa. Wadda aka yi wa allurar baya ba ta shiga, wadda kuma aka yi wa allura mai sa barci irin su pethidine sai ta jira awa biyu, ko har sai magagin ya sake ta. Iskar da ake shaƙa don rage ciwo ita ce kaɗai ake haɗawa da ruwan ba matsala. Ku dubi waɗannan sharuɗɗa ku auna su da halin da muke ciki, inda hawan jini mai kai wa ga jijjiga, da ƙarancin jini, da sikila, suke da yawa a tsakanin matanmu, inda kuma wata ba ta fara awo ba sai cikin ya tsufa.

Bayan mace ta shiga, aikin ungozoma ne yake ƙaruwa. Ƙa'idar ƙasar ita ce kada zafin ruwan ya wuce digiri 37.5, wato kusan ɗumin jikin mutum, kuma kowace awa ungozoma tana auna zafin ruwan da na jikin uwar, domin idan uwa ta yi zafi fiye da kima bugun zuciyar jariri yana tashi. Tana sauraron zuciyar jaririn da wata 'yar na'ura da ruwa ba ya ɓata ta, kowane minti 15 a farkon naƙuda, kowane minti 5 idan an fara nishi. Tana riƙe da madubi da tocila don ganin abin da ke faruwa a ƙasan ruwa, da matata don kwashe duk ƙazantar da ta fito, tana kuma ba ki ruwan sha a kai a kai. Idan kai ya fara fitowa ba ta ja, ba ta ma cika taɓawa ba, domin jaririn yana samun iskarsa ta cibiya, kuma abin da ke sa shi ya ja numfashin farko shi ne iska da sanyi a fuskarsa. Da ya fito gaba ɗaya sai a ɗago shi a hankali zuwa ƙirjin uwarsa, kuma fuskar da ta riga ta fito sarari ba a sake mayar da ita cikin ruwa. Da ungozoma ta ga ruwan ya canza launi da jini, ko ta ga kashin jariri a ruwan faya, ko bugun zuciya ya sauya, nan take za ta ce ki fito, kuma akwai maɓallin da take dannawa mutane su cika ɗakin, ɗakin tiyata kuma yana nan kusa. Wurare da yawa ma sun fi son mace ta fito kafin mabiya ta faɗo, saboda auna yawan jinin da aka zubar a cikin ruwa yana da wuya.

Game da ko haihuwar kanta a cikin ruwa tana da haɗari, likitocin duniya ba su gama zama baki ɗaya ba. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2016, ta yarda da naƙuda a ruwa ga mai lafiya amma ta ba da shawarar a fito a haihu a waje. A nan kuwa, wani babban bincike da Jami'ar Cardiff ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2024, ya duba bayanan mata fiye da 87,000 da suka yi amfani da baho a cibiyoyin lafiya 26 na Ingila da Wales tsakanin 2015 da 2022, ya kuma gano cewa ga matan da cikinsu ba shi da matsala, haihuwa a ruwa ba ta ƙara yawan mummunan ƙari ga uwa ba, ba ta kuma ƙara yawan jariran da suka buƙaci kulawa ta musamman ba. Abin da ya ɗan ƙaru shi ne tsinkewar cibiya yayin ɗago jariri, wanda ungozoma mai horo take ganewa ta ɗaure nan da nan. A ganina wannan sakamako shaida ce ga tsarin da aka yi binciken a cikinsa, ba ga robar ba.

Dalilin da ya sa na faɗi haka shi ne, bahon shi ne abu mafi arha a cikin lamarin duka. Na roba ana samunsa a nan a kan fam ɗari da wani abu, ana kuma bayar da hayarsa, na asibiti kuwa ba a biyan ko kwabo a kansa, domin yana cikin hidimar lafiya ta gwamnati, ko da yake mu baƙi masu biza muna biyan kuɗin lafiya na shekara wanda tun Fabrairun 2024 ya kai fam 1,035 ga kowane babba. Abin da ke da tsada shi ne ruwan famfo mai tsabta da ba ya yankewa, da tukunyar ɗumama shi da wutarta ba ta ɗaukewa, da ungozoma guda da ke zaune da mace guda tun daga tsananin naƙuda har zuwa haihuwa. A gida kuwa, kun fi ni sanin yadda famfo yake yin kwanaki shiru a wasu unguwanni duk da madatsun ruwa na Barekese da Owabi, da yadda ake tara ruwa a tanki da jarkokin roba da ake kira galan Kufuor. Lita 600 galan ashirin da wani abu ke nan, kuma dole a dafa wani kaso a kan gawayi ko gas, a riƙa kwashewa ana ƙarawa tsawon awanni don kada ya huce ko ya yi zafi. Ruwan da ya kwana a tanki kuma shi ne babban abin tsoro. Ko a nan Ingila, a 2014 hukumar lafiya ta hana amfani da wani nau'in bahon gida mai na'urar ɗumama ruwa da ake cikawa kwanaki kafin naƙuda, bayan wani jariri ya kamu da ciwon huhu mai tsanani daga ƙwayar cutar Legionella, wadda take hayayyafa a ruwan ɗumi da ya daɗe a ajiye. Saboda haka ina roƙonku da girman Allah, kada wata ta hura baho a ɗaki ta shiga da naƙuda tana dogaro da goggo ko ungozomar unguwa, kome ƙwarewarsu a haihuwar gargajiya, domin wannan wani aiki ne daban da ke da horonsa.

Kada kuma a haɗa shi da wankan jego. Ruwan jego tafasasshe ne da ake fyaɗawa da ganye bayan an sauka, wancan kuwa ruwa ne da bai wuce ɗumin jiki ba. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da tsananin zafin wanka da yawan shan kunun kanwa, don haka ko a jegon ma sassautawa ya fi.

Ba na so ku ɗauka komai na nan ya fi na gida. Ghana ta yi ƙoƙari, domin tun Yulin 2008 aka sa awo da haihuwa kyauta a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, an kuma buɗe sabon ginin uwa da jariri a asibitin Komfo Anokye na Kumasi a 2018, kuma ungozomominmu suna karɓar haihuwar da ta fi ƙarfin adadinsu da kayan aiki kaɗan. Amma ratar tana nan, domin binciken lafiyar mata na Ghana na 2017 ya nuna mutuwar mata 310 a kowace haihuwa 100,000, a nan kuwa adadin yana kusa da 13. Duk da haka, rahotannin ƙasar nan sun sha nuna cewa baƙar mace ta fi farar mace shiga wannan haɗari ninki biyu ko fiye, kuma bahon ma ba kullum ake samunsa ba, domin idan wata tana ciki ko ungozomomi sun yi ƙaranci a daren, sai ki haƙura. Bayan haihuwa kuma, a nan sau da yawa cikin kwana ɗaya ake sallamar mace ta koma gidan da babu inna, babu maƙwabciya mai dama kunu, babu mai karɓar jariri ta samu barci. Ungozoma tana zuwa gida ta duba ki, wannan alheri ne, amma ta tafi ta bar ki da mijinki da ke shirin komawa aiki. A wannan fanni Zango ya fi su nesa ba kusa ba.

Maganar sutura ita ce 'yan uwa Musulmi suka fi tambaya. Ɗakin na mace ɗaya ne, ƙofa a rufe, fitila a rage, kuma kina da damar shiga ruwan da riga ko ɗaurin ƙirji. Ungozomomin kusan duk mata ne, kina iya rubutawa tun a lokacin awo cewa kin fi son mace ta duba ki, ko da yake idan gaggawa ta taso likitan da ke kan aiki ne zai zo. Miji ko uwa ko 'yar uwa suna iya zama tare da ke har ƙarshe, abin da babban ɗakin haihuwa mai gadaje a jere ba ya bari a gida, saboda mutuncin sauran matan da ke ciki.

Abin da nake ganin za mu iya ɗauka tun yanzu ba ya buƙatar jirgin ruwa. A farkon naƙuda, kafin faya ta fashe, mace tana iya yin wanka da ruwan ɗumi mai tsabta, a kuma riƙa gasa mata ƙugu da tawul, ta yi ta zagaye maimakon kwanciya. A ranar awo ku tambayi ungozoma cikin ladabi ko za ta bar ku ku durƙusa ko ku kwanta ta gefe lokacin nishi, da ko za a bar mutum ɗaya daga gida ya tsaya kusa, domin wasu suna yarda idan an yi maganar tun da wuri. Idan kuma wani asibiti a Kumasi ko Akara ya tallata muku haihuwa a ruwa, ku tambaye su daga ina ruwan yake zuwa, da me ake wanke bahon tsakanin mace da mace, wace ungozoma ce aka horar a kansa, ko za ta zauna da ku ita kaɗai, da ko akwai ɗakin tiyata da jini a ginin. Kuɗin da wasunku suka ware don bahon, da izininku zan sayi na'urorin auna hawan jini da ma'aunin zafi da su, in sa a kayan da za su taso a wata mai zuwa, a ajiye a hannun shugabannin ƙungiyar mata ta unguwa domin duk mai ciki ta riƙa aunawa tsakanin ranakun awo. A gaishe mini da iyaye da malamai, Allah Ya sauki masu ciki lafiya.