Bilendar da na saya saboda ciwon hanji, bayan wata 4

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata 4 ke nan da na sayi bilenda a babbar kasuwar Maraɗi, jikka 14 bayan an sha ciniki, mai shagon sai rantsuwa yake wai "Hajiya wannan har ƙashi tana niƙewa", to ban gwada ƙashi ba amma ga abin da na gani.

Ni ciwon hanji gare ni, wanda likitoci ke ce ma kolopati. Ciki ya kumbura tim kamar ganga, ya yi ta ƙugi, yau zawo gobe kuma a kwana 3 ba a zaga ba. Abin da ya fi ci mini rai kwaɗon zogale, ga zogalen Jiratawa nan shar a kasuwa, ga ƙuli mai kyau, amma in na ci wallahi ganyen yadda ya shiga haka yake fita, ku yi haƙuri da zancen. Likita ta ce mini zaren da ke cikin kayan lambu iri 2 ne, akwai mai narkewa cikin ruwa ya yi yauƙi ko laushi irin na kuɓewa da dafaffen karoti, shi hanji yana ɗauka da sauƙi, akwai kuma mai kaushi da ba ya narkewa, dusa, ɓawon tumatir, ɓawon wake, jijiyar ganye. Ta ce in dafa lugub, in fere, in markaɗe. Dalilin sayen ke nan.

A nan kam bilendar ta biya kuɗinta. Kabewa, karoti, dankali, in sun dahu minti 1 ya isa ta maida su kamar kunu. Zogale sai na zage shi tsaf na cire tsinkayen, na dafa, na markaɗe da ruwan dahuwar sannan na tace da rariya, in zuba a miya cokali 2 ko 3. Ba daɗin kwaɗo ba ne, kar in yi muku ƙarya, amma na kwana lafiya ba murɗa.

Inda na yi wauta shi ne na ɗauka tunda ta niƙe komai to komai ya halatta. Ran nan na haɗa shu, wato kabeji, da albasa da wake na markaɗe sumul na sha kwano guda ina ta murna, daren nan ban runtsa ba, iska kamar an hura ni da famfo. Da na koma wajen likita dariya ta yi, ta ce albasa, tafarnuwa, wake da shu akwai wani irin sukari cikinsu da ƙaramin hanji ba ya shanyewa, sai ya gangara babban hanji ƙwayoyin da ke can su ruɓar da shi ya zama iska. FODMAP ake ce musu, jami'ar Monash ta Ostireliya ce ta fito da tsarin rage su. Niƙa ba ya fitar da sukarin nan ko kaɗan, yana nan cikin kwanon. Ta kuma ce wanda ke ganin jini a bayan gida ko yana ramewa, asibiti ya kamace shi ba bilenda ba.

Aibin bilendar kuwa, ƙara kamar injin niƙan unguwa. In ta wuce minti 2 tana aiki sai ta ɗau zafi ka ji ƙaurin roba, dole a huta. Rama kam jijiyarta nannaɗewa take a wuƙar sai ka sa tsinke kana cirewa. Ga ɗaukewar wuta lokacin zafi, na sha komawa ga turmi da rariya.

Yanzu robar gindin kofin ta saki, tana yoyo kaɗan kaɗan, na koma shagon yaron ya ce sai an kawo daga Kano. Sati 3 ke nan ina ɗaure ta da leda.