Tiraifod da rimot ɗin da na ɗauki hoton wasan wuta da su, ga abin da na gani

Jama'a duk mai son ɗaukar hoton wasan wuta da daddare, kafin ya fara tunanin canza kyamara ya fara neman ƙafar da zai ɗora ta a kai tukuna. Ni na sayi tiraifod na alminiyam irin mara nauyin nan da ake naɗewa a jefa a jaka, na haɗa da ɗan rimot mai wayar da ake jonawa a jikin kyamara, kuma gaskiya su biyun nan ne suka gyara min hotuna, kyamarar dai ita ce ta da, lens ɗin ma wanda ya zo da ita ne.

Dalili kuwa shi ne wasan wuta ba a kama shi da ƙyas ɗaya kamar hoton rana. Dogayen zaren hasken nan da kuke gani suna zubowa a hoto, shota ce, wato murfin da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, aka bari a buɗe na daƙiƙa 2 zuwa 5 tana bin wutar tun daga tashinta har ta fashe ta watse, to a cikin wannan lokacin ko numfashi ka yi da kyamara a hannu sai layukan su fito a karkace. Da na kafa ta a tiraifod sai layukan suka fito sumul, har fitilun gine-ginen da ke ƙasa suka zauna daram babu rawa.

Rimot ɗin kam shi ya fi burge ni wallahi. Za ka sa kyamara a Bulb, wato harafin B ɗin nan, kana ganin wuta ta tashi sai ka danne maɓalli, ta fashe ta gama bazuwa sai ka saki, hannunka bai taɓa jikin kyamara ba balle ta motsa. Kuma idonka na sama kana kallo kamar kowa, ba ka maƙale a sikirin ba. Wanda ba shi da rimot zai iya sa taima ta daƙiƙa 2, tana aiki, amma sai ka riƙa cankar lokacin da za a harba kuma sau da yawa kafin shota ta buɗe abin ya wuce.

Saitin da na tsaya a kai: manuwal, ISO (wato ƙarfin jin hasken kyamara) 100, ƙofar haske tsakanin f/8 da f/11 (lambar na ƙaruwa ƙofar na matsewa). Mutane na ganin duhu sai su ɗaga ISO, alhali wutar kanta haske ne mai ƙarfi sosai, in ka ɗaga sai launin ya ƙone ya koma fari fat. Kuma launin nan shi ne daɗin abin, jan daga sinadarin sitirontiyam yake fitowa, kore daga bariyam, shuɗi kuma daga tagulla, shuɗin ma ya fi sauran rauni shi ya sa yake saurin ɓacewa in haske ya yi yawa. Filash a kashe shi, ba inda zai kai. Fokos ma a mayar da shi manuwal, ka saita a kan wata fitila mai nisa ko harbin farko sannan ka ƙyale shi, don in ka bar shi a otomatik lens zai yi ta kai da komo cikin duhu yana lalube. In lens ɗinka na da abin hana girgiza shi ma kashe shi tunda tana kan ƙafa. Akwai kuma saitin rage ƙurar hoto na doguwar ɗauka, wannan in ka ɗauki daƙiƙa 4 sai kyamara ta ƙara wasu 4 tana aiki ba ka iya ɗaukar komai, ni dai kashe shi nake yi.

Yanzu inda tiraifod ɗin ya gaza. Rashin nauyinsa da ke da daɗi a hanya shi ne matsalarsa in iska ta taso, musamman in ka zaro sandar tsakiya sama, sai ka ga kan yana ɗan kaɗawa. Na daina zaro ta gaba ɗaya, na buɗe ƙafafun sosai, akwai ɗan ƙugiya a ƙasan sandar na rataya jakata a nan, sai ya natsu. Na biyu, in ka juya kyamara a tsaye, wanda kuma wasan wuta ya fi kyau a tsaye tunda sama yake tafiya, dunƙulen kan yana ɗan sunkuyawa a hankali sai ka ɗaure shi tamau. Wayar rimot ɗin ma gajera ce, cikin cunkoso wani na iya jan ta. Ƙananan kyamarori da waya zai ɗauke su lafiya lau, amma mai babban lens mai nauyi ya nemi wanda ya fi wannan ƙarfi.

Wurin tsayawa ma a kula, ka je da wuri tun da sauran haske ka kafa, ka bar iska a bayanka don ta kore hayaƙin gaba, in tana busowa wajenka kafin a yi nisa hoton duk ya zama hazo. Harbin farko-farko sun fi fitowa tas saboda sama ba ta cika da hayaƙi ba, na ƙarshe kuma da ake sakinsu da yawa lokaci guda ka rage zuwa daƙiƙa 1 ko 2 ko ka matse zuwa f/16. Ka fara da faɗi kada ka zuƙo sosai, ka bar fili a sama don ba ka san iya inda za ta kai ba, yankewa daga baya mai sauƙi ne.

Masu waya ma kar ku ce ba da ku ba, na gwada da maƙalin waya a kan tiraifod ɗin, na shiga Pro, wato sashen kyamarar waya da kake saiti da kanka, na sa ISO a mafi ƙasa da shota daƙiƙa 2, ya fito fiye da yadda na zata. Zan sake sayen rimot ɗin ko gobe, tiraifod ɗin kuma ya ishi mai koyo in dai zai rataya masa nauyi, kuma a taho da batir na biyu da ɗan tocila don ganin maɓallai.